Masu Haɗa Littafin Hotuna Domin Karatun Aji

Idan watan Disamba ya kama a makarantun firamare na Amurka, malama kan zaunar da yara a ƙasa, ta ɗaga littafi sama tana karantawa, tana juya shi dama da hagu don kowa ya ga hoto. A aji ɗaya za a tarar da ɗan gidan da ake Kirsimeti, da Bayahude mai bikin Hanuka, da 'yar Indiyawa masu bikin Diwali, da ɗan Musulmi. Littafin nan da ke hannun malama, akwai mutanen da haɗa shi ne abincinsu.

Aikin na mutum uku ne: marubuci, da edita, da mai zane. Marubuci kan miƙa rubutu gajere, galibi bai kai kalma 1,000 ba. Kamfanin ɗab'i ne ke zaɓo mai zane, kuma sau da yawa har littafi ya fito kasuwa shi da marubuci ba su taɓa haɗuwa ba, duk da cewa kuɗin da ake ware musu daga ciniki yawanci raba daidai suke yi. Shafi 32 ne ƙa'idar da aka saba da ita, saboda maɗaba'a tana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda, a ninke ta, a yanka, don haka lissafin yakan tafi takwas-takwas. In an cire shafin suna da na bayanin mawallafa, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi 14 ko kusa da haka ba.

Nauyin aikin yana wuyan mai zane. Da fensir yake farawa, ya yi 'yan ƙananan zane-zane na kowane shafi, sannan ya ninke fararen takardu ya haɗa littafin gwaji, ya manna rubutu a gurbinsa, ya yi ta juyawa yana duba inda labari ya tsaya cak. Ba ya ajiye fuskar mutum a tsakiyar littafi, don ɗinki zai cinye ta. Yana barin fili a sararin sama ko jikin bango inda rubutu zai zauna. Yana kuma tuna yaron da ke can ƙarshen aji: in bai hango murmushin kaka daga nesa ba, zanen bai yi ba. Gwanaye kan ajiye tambaya a ƙarshen shafin dama, amsar sai an juya, domin a nan ne malama ke dakatawa ta ce wa yara su yi hasashe. Ana iya shafe watanni, har shekara, a kan littafi guda. Tun 1938 ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka take ba da lambar yabo ta Caldecott, kuma mai zane ake ba wa.

Littafin biki yana da tarkon kansa, domin yaron da abin yake na gidansu ba ya yafe kuskure. Fitilar Hanuka mai rassa tara ce, takwas na dararen bikin, ɗaya na kunna sauran. Wanda ya zana bakwai ya zana wata daban. Bikin Kwanza, wanda Maulana Karenga ya ƙirƙiro wa baƙaƙen fatar Amurka a 1966, shi ne mai kyandir bakwai: uku ja, ɗaya baƙi, uku kore. Azumi kuwa yakan matso da kamar kwana 11 kowace shekara, saboda haka mai zane sai ya yi tunani kafin ya sa ƙanƙara a taga ko ya sa rana mai zafi. Malaman da suka san aikinsu ma ba sa cusa Sallah cikin karatun Disamba, sukan jira lokacinta.

Littattafan da suka daɗe ana karantawa ba bayanin addini suke yi ba, labarin gida ɗaya suke bayarwa. A cikin Too Many Tamales na Gary Soto, wanda Ed Martinez ya zana, aka buga a 1993, wata yarinya mai suna Maria ta saka zoben mahaifiyarta lokacin da ake kwaɓa ƙullun masara na abincin daren Kirsimeti. Da ta ga ba zobe, sai ta ɗauka ya faɗa cikin ƙullun, ta sa 'yan'uwanta suka cinye abincin kaf suna nema, ashe yana yatsan uwar. A Lailah's Lunchbox na Reem Faruqi, na 2015, yarinya ce da ta taso daga Abu Dhabi zuwa jihar Jojiya, ta fara azumi, ta rasa yadda za ta gaya wa malamarta dalilin da ya sa ba ta zo da abinci ba. Tsoron faɗan uwa da jin kunyar malama, kowane yaro ya san su. Ta wannan ƙofa yake shiga, al'adar kuma ya gan ta a hoto. Wannan ne abin da Farfesa Rudine Sims Bishop ta bayyana a 1990, cewa littafi yakan zama madubi ga wani yaro, ya zama taga ga wani.

A ƙasar Hausa kayan aikin a zube suke. Akwai tashe, da ƙunshin daren Sallah, da hawan Daushe a Kano, da yawon Sallah, da maƙwabtan Jos da Kaduna da ke aika wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. Ko Sallar ma, yadda ake yin ta a gidan Bafulatani a ruga daban take da ta cikin birni. Abin da ke kawo cikas shi ne tsadar bugu mai launi da takardar da ake shigowa da ita daga waje. Shirin African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ya rage wannan wahala, domin yana ajiye littattafan hotuna kyauta a intanet cikin harsunan Afirka, har da Hausa, malami ya sauke ya buga. Saura masu zanen da suka san bambancin zanna bukar da hular ƙube, waɗanda za su zauna da marubuta su tsara shafi 32 da yaron Sabon Gari da na Fagge za su karanta a benci ɗaya.