Murya Ma Jari Ce: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyaka, daga Mayo-Oulo zuwa Dourbeye har a tsallaka Mubi, ya san cewa kafin ido ya ga haja kunne ne ke fara jin mai ita. Dillalin shanu, mai gwanjo, mai tallar magani da ɗan kamasho a tasha, dukkansu da maƙogwaro suke neman abinci. Amma ɗan kasuwa zai ƙirga naira da sefarsa sau uku a yini, bai taɓa tambayar lafiyar muryarsa ba sai ranar da ta dishe.

Likitoci sun bayyana cewa wasu 'yan tantani biyu ne a cikin maƙogwaro ke kaɗawa idan iskar huhu ta ratsa su, kimanin sau 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, sama da sau 200 ga mace. Ashe ke nan ƙarfin murya daga numfashi yake. Mai jan iska har cikinsa ya kumbura, ya riƙa sakinta a hankali, za a ji shi daga nesa ba tare da ya yi ihu ba. Mai magana da guntun numfashi kuwa wuyansa yake matsewa, tantanin su yi ta bugun juna har su kumbura, kafin la'asar murya ta tafi.

Ni kaina sai da na sha wuya na gane haka. Farkon shigata aikin rediyo nakan ɗora baki a kan makirfo ina rattaba sanarwa kamar ana kora ta, numfashi ya ƙare mini a tsakiyar jimla. Wani dattijo mai shela ne ya ce mini: "Ɗana, tsaya da ƙafa biyu, ɗaga kai, ka sha iska tukuna." Dubi liman ranar Juma'a: a tsaye yake huɗuba, kuma yakan ɗan zauna tsakanin huɗubobin biyu.

Akwai kuma matsalar harshe. Hausa tana da karin sauti, Fulatanci ba shi da shi. Kukar miya da kukan yaro, wuyan riga da wuyar rayuwa, hawa da saukar murya ne ke raba su. Idan ka yi ihu ko gaggawa sai karin ya baje, Bafulatani ko Bafali da ya koyi Hausa a kasuwa ya kasa kama farashin da ka faɗa, ciniki ya wuce gaba.

Haka abin yake idan 'yan'uwa suka tura ka ka yi magana da yawunsu a gaban Lamiɗo, ko jami'an kwastan, ko hukuma a Guider da Garoua. Mai sunkuyar da kai yana cusa magana a cikin riga, ko da gaskiyarsa, ba a jinsa. Ka gaisa cikin ladabi, ka saki kafaɗu, ka faɗi buƙatu biyu ko uku a natse, kana ɗan dakatawa bayan kowace.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da busasshiyar iska na busar da maƙogwaro. A yawaita shan ruwa, a rufe hanci da rawani a kan babur, a guji taba. Idan murya ta dishe a huta, domin raɗa ma tana gajiyar da ita. Wanda dishewarsa ta wuce mako uku, musamman mai shan taba, ya je asibiti a duba shi, saboda cutar daji ta maƙogwaro takan fara da haka. Wannan ne ya sa likitocin ƙasar Brazil suka fara gangamin kula da murya a 1999, wanda ya zama Ranar Murya ta Duniya a kowace 16 ga Afrilu.

Jama'a, lasifika ana saye a kanti, amma maƙogwaro ɗaya aka ba kowa. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.