Abin da Ba'amurke ke dubawa kafin ya sayi ƙaramar bindiga

A yawancin jihohin Amurka, mai neman ƙaramar bindiga kanti yake shiga, a jera masa kaya ya zaɓa. Sai dai doka ta gindaya sharaɗi: dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, kuma tun 1998 ake bincikar tarihin mai saye a rumbun bayanan hukumar FBI kafin a miƙa masa.

Kasuwar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai irin su Hi-Point, wajen dala 200, mai nauyi da muni amma tana tashi. A tsakiya Glock 19 take, wajen dala 500 zuwa 600. Kamfanin Gaston Glock na ƙasar Ostiriya ne ya fito da ita a 1988, bayan yayarta Glock 17 da sojan ƙasar suka karɓa a 1982. Gangar jikin Glock 19 roba ce mai tauri, tana cin harsashi 15, kuma da wuya ta cije. Shi ya sa ta zama ma'aunin da ake gwada saura da shi. Daga nan farashi ya yi sama, musamman samfurin 1911 na John Browning, wanda ake yi wa aikin hannu har ya haura dala dubu biyu, alhali asalinsa harsashi 7 kawai yake ɗauka. A nan kam ado da tarihi ake saya.

Inda sabon shiga ya fi ruɗewa shi ne girma. Yana ganin 'yar mitsitsiya irin SIG P365, wadda ta fito a 2018 da harsashi 10, sai ya ɗauka ita ce mai sauƙin sarrafawa. Ina! Duk bindigar da ba ta da nauyi ta fi girgiza hannu idan ta tashi, saitinta kuma ya fi wuya. Babba ta fi zama daram, amma ɗaukarta a jiki wahala ne. Saboda haka masu koyar da harbi kan ce a je filin gwaji a yi hayar biyu ko uku, a ji wadda ta zauna a tafin hannu, wadda yatsa ke kai wa kunamarta ba tare da miƙa ba. Libarba mai juyawa ba ta da rikici, sai dai galibi harsashi biyar ko shida take ci, kunamarta kuma da tauri.

Kuɗin da aka rubuta a jikin kaya somin taɓi ne. Harsashi mai milimita 9 ya fi araha a kan .45, kuma mai atisaye a kai a kai zai ƙona abin da ya zarce kuɗin bindigar. Ga kube, ga kuɗin horo, ga akwatin ƙarfe mai kulle. Wannan na ƙarshe ni a ganina shi ya kamata a fara saye, domin fiye da rabin masu mutuwa ta hanyar bindiga a Amurka kansu suke kashewa, ban da yaran da ke tsintar ta a ɗaki. Jiha ma na da ta cewa: Kalifoniya ta hana sayar da gidan harsashi mai cin fiye da 10.

A Nijeriya kuwa ba a ma kaiwa ga kwatanta farashi. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, ba mai mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa.