Ciwon karkiya a wuyan shanun noma

Da ruwan shuka ya sauka, shanun noma kan shiga aiki gadan-gadan bayan sun sha wuyar rani. Sun rame, fatar wuya ta manta da karkiya, ga ruwa da gumi suna jiƙa ta. A nan ne ciwon karkiya ke kama su, a gaban tozo, inda itacen ke zama.

Yawanci laifin na karkiyar ne. Itace mai kaushi, ko wanda aka ɗaure da waya ko aka kafa wa ƙusa, yana gurzar fata kamar zarto. Haka nan idan an haɗa sa dogo da gajere, karkiya takan karkace, nauyi ya taru gefe guda. Lodin amalanke fiye da kima shi ma yana yi.

Alamar farko ita ce gashi ya zube, wurin ya yi zafi. Daga nan sai kumburi, sa ya riƙa sunkuyar da kai yana gudun karkiya. Wasu sai su ce taurin kai ne, su ƙara masa sanda, alhali ciwo yake ji.

Babban magani hutu ne. A cire karkiya har sai wurin ya warke sarai, ko da zai kai mako biyu ko uku. Mun san hutar da sa a tsakiyar damina ba wasa ba ne, amma wanda aka matsa wa da miki yana iya rasa daminar gaba ɗaya. Kwana biyu na farko a riƙa dafa kumburin da tsumma mai ruwan sanyi, bayan nan a koma ruwan ɗumi. Kada a tsaga shi. Sau da yawa jini ne ko ruwa ya taru, jiki zai shanye shi, wuƙa kuwa ƙwayoyin cuta take shigarwa. In fata ta buɗe, a wanke safe da yamma da lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali 2 na gishiri, a shafa Betadine, a kare wurin daga ƙuda don kada tsutsa ta shiga. Baƙin mai na mota, garin batir, kashin shanu da lalas duk ɓata mikin suke yi.

In mugunya ta fito ko sa ya daina kiwo, a kira ma'aikacin SVPP ko na ma'aikatar kiwo, shi zai san ko ana buƙatar allura. Kumburin da ya taso dare ɗaya da zazzaɓi, a maƙogwaro, ko wanda ke ƙaras-ƙaras in an danna kamar na harbin daji, wannan ba na karkiya ba ne, kuma yana kisa da sauri. A nemi likita nan take.

Kafin sa ya koma aiki, a goge karkiyar ta yi sumul, a naɗe ta da tsumma mai laushi, a fara da aikin safe kaɗan.