Yadda abokan yaƙar Hitila suka koma zaman doya da manja

A daren 9 ga Oktoba 1944, cikin fadar Kremlin ta Mosko, Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill ya ɗauki guntuwar takarda ya yi rubutu, ya tura wa shugaban Sobiyet Joseph Stalin. Ya kasa ƙasashe biyar na Turai ne kamar ana rabon gado: Romaniya kashi 90 cikin 100 na Tarayyar Sobiyet, Girka kashi 90 na Birtaniya, Bulgeriya kashi 75 na Sobiyet, Yugoslabiya da Hangari rabi da rabi. Stalin ya duba, ya sa shuɗin fensir ya yi mata maki, ya mayar masa. Babu Bagirke ko ɗan Romaniya ɗaya da aka tambaya, Hitila kuma yana nan da ransa. Tun ba a kashe wutar yaƙi ba, manya sun shiga lissafin wanda zai mallaki ina.

In aka tambayi ɗalibi musabbabin Yaƙin Cacar Baka, amsar da ya haddace ita ce akida: gurguzu a Mosko, jari-hujja a Washintan. Amsar tana da gaskiya, sai dai ba ta isa ba. Saɓanin akidar yana nan tun juyin juya halin Rasha na 1917. Amurka ta tura sojoji Rasha a 1918, ba ta kuma amince da gwamnatin Sobiyet ba sai a 1933. Duk da haka, da Hitila ya far wa Sobiyet a Yuni 1941, Amurkar nan ce ta riƙa aika mata abinci da makamai da motoci sama da dubu 400. Akida ba ta hana su haɗa kai ba. Abin da ya sauya a 1945 shi ne waɗanda suke tsakaninsu duk sun zube. Jamus da Japan sun zama kufai, Faransa ta sha mamaya, Birtaniya kuwa, wadda sai da ta kwashi kakanninmu zuwa fagen Boma, ta fito da nasara amma aljihunta wayam. Fili ya rage wa ƙarti biyu, kowanne da rundunarsa a tsakiyar Turai, suna kallon juna.

Ba iri ɗaya kuma yaƙin ya bar su ba. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutane kimanin miliyan 27, an ƙone mata dubban garuruwa da ƙauyuka. Amurka ta rasa kimanin dubu 400, masana'antunta ko ƙwarzane ba su yi ba, har ta kai kusan rabin kayan da masana'antun duniya ke ƙerawa daga wurinta suke fitowa. Darasin da kowa ya ɗauka daban. Stalin ya ga Jamus ta shigo ƙasarsa sau biyu cikin shekara talatin, duk ta hanyar Polan, don haka ya ƙudurta sai ya kewaye kansa da gwamnatocin da ba za su ce masa a'a ba. Amurkawa kuma sun tuna yadda aka lallaɓa Hitila a Munik a 1938 ya ƙara samun ƙafa, suka ce ba za a sake sassauta wa mai kama-karya ba. Sun kuma tuna karayar arzikin 1929, suka yi imani zaman lafiya yana tare da buɗaɗɗen ciniki. Abin da ɗaya yake kira tsaron gida, ɗayan yana ganinsa shirin mamaya. A nan ne akida ta yi aikinta: ita ta sa kowa ya fassara duk motsin ɗan'uwansa da mugun nufi, domin Stalin ya yarda jari-hujja ba ya rabuwa da yaƙi, Washintan kuma ta yarda gurguzu ba ya tsayawa a iyaka.

A kan Polan aka fara ɓatawa. Saboda ita Birtaniya ta shiga yaƙi a 1939, a shekarar da Stalin da Hitila suka raba ta tsakaninsu. A 1940 'yan sandan cikin Sobiyet sun kashe hafsoshi da 'yan bokon Polan kimanin dubu 22, a dajin Katyn da wasu wurare, Mosko ta ɗora wa Jamusawa, ba ta amsa laifin ba sai a 1990. A Agusta 1944 mutanen Waso suka yi wa Jamusawa bore, rundunar Sobiyet tana hayin kogin Vistula, aka yi wata biyu ana murƙushe su. A taron Yalta na Fabrairu 1945 Stalin ya yi wa shugaban Amurka Roosevelt da Churchill alkawarin zaɓe na gaskiya a Polan. Wata guda bayan nan aka gayyaci shugabannin gwagwarmayar ƙasar 16 zuwa tattaunawa, aka kama su, aka gurfanar da su a Mosko. Zaɓen da aka yi a Janairu 1947 maguɗi ne tsagwaronsa. Duk mai neman wanke Stalin, a nan hujjarsa take karyewa.

Shi ma dai yana da abin faɗa. Shekara uku yana roƙon a buɗe wa Hitila wuta daga yamma, ba a sauka Nomandi ba sai Yuni 1944, bayan jinin mutanensa ya gama kwarara. Da Italiya ta miƙa wuya a 1943, Amurka da Birtaniya suka riƙe ragamarta, wakilin Sobiyet ɗan kallo. A Mayu 1945 gwamnatin Harry Truman, wanda ya gaji Roosevelt wata guda kafin nan, ta datse tallafin yaƙi ba zato, har aka juyo da jiragen ruwan da suka riga suka kama hanya, kafin daga baya a sassauta. Sai kuma bam ɗin nukiliya na Amurka. An gwada shi a 16 ga Yuli 1945, ana jajibirin taron Potsdam. Bayan wani zama Truman ya matso kusa da Stalin ya gaya masa sun mallaki wani sabon makami mai tsananin ɓarna. Stalin bai nuna mamaki ba, 'yan leƙen asirinsa irin su Klaus Fuchs sun riga sun kai masa labari. Wanda aka ɓoye wa makami da wanda aka yi wa leƙen asiri, ina amana za ta zauna?

Shekarar 1946 ta tafi a musayar zafafan kalamai: doguwar wasiƙar jami'in diflomasiyyar Amurka George Kennan daga Mosko, jawabin Churchill na labulen ƙarfe, takaddama kan sojojin Sobiyet a arewacin Iran. A Fabrairu 1947 Birtaniya ta sanar da Amurka ba ta da kuɗin ci gaba da tallafa wa Girka da Turkiyya. Truman ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 400, kuma don ya samu sai ya mayar da rikicin ƙasashe biyu batun duniya baki ɗaya. Wannan kambamawa, a ganina, ita ce babban kason Amurka cikin laifin, domin ta buɗe ƙofar shiga kowane rikici a ko'ina da sunan yaƙar gurguzu. Shirin Marshall na farfaɗo da Turai ya biyo baya da kusan dala biliyan 13. Cakoslabakiya ta amsa gayyatar taron Faris kan shirin, Stalin ya kira shugabanninta Mosko, suka janye. A Fabrairu 1948 'yan gurguzu suka karɓe mulkin ƙasar.

Jamus ce ta tsinke igiyar. Sobiyet tana son Jamus mai rauni da za ta biya diyya, Amurka tana son ta farfaɗo don Turai ta ci da kanta. A 20 ga Yuni 1948 ƙasashen yamma suka fito da sabon kuɗi a yankunan Jamus da suke riƙe da su. Kwana huɗu bayan haka Stalin ya toshe hanyoyin mota da na dogo da na ruwa zuwa Balin ta Yamma. Wata goma sha ɗaya ana ciyar da mutane sama da miliyan biyu ta jirgin sama, gari da kwal da madara, har ya haƙura a Mayu 1949. Kafin nan an kafa ƙawancen soja na NATO a Afrilu, a Agusta kuma Sobiyet ta gwada nata bam.

Gaba tsakanin manyan nan biyu da wuya a ce za a iya kauce mata. Amma ta kai ga raba Turai da waya da bindiga, wannan zaɓin mutane ne, kuma kaso mafi nauyi yana wuyan Stalin, saboda abin da ya yi wa Polan da maƙwabtanta.