Masu Tara Tsofaffin Taraktoci, Da Yadda Suke Kula Da Su

Jama'a, a Ingila akwai waɗansu mutane da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin taraktoci. Wani yana da uku, wani goma, ya jera su cikin rumfa kamar yadda sarki ke jera dawakinsa a barga. Ran taron nunin amfanin gona sai su fito da su, a yi gasar huɗa. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, tarakta mai shekara 70 tana tashi ta ja garma a hannunsu, alhali kuwa a nan wajenmu sai ka ga wadda ba ta cika shekara 10 ba an jingine ta bayan ofis, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Wadda suka fi tarawa ita ce wata 'yar ƙarama mai launin toka, Ferguson TE20. An ƙera ta a garin Coventry daga 1946 zuwa 1956, aka yi fiye da 500,000. Mai ita, Harry Ferguson, mutumin Ireland ta Arewa ne, shi ne ya fito da dabarar ɗaura garma a bayan tarakta da hannuwa uku na ƙarfe, mai ɗaga ta da sauke ta da ƙarfin mai. Hikimar abin, idan garma ta kama ƙasa, nauyin jan sai ya danne tayoyin baya, watau ƙaramar tarakta ta yi aikin babba. Ƙarfinta bai wuce na doki 20 da ɗoriya ba, amma irinta guda uku Sir Edmund Hillary ya tuƙa bisa ƙanƙara har ƙarshen duniya na kudu, suka isa ran 4 ga Janairu 1958. A 1953 kamfanin Ferguson ya haɗu da Massey-Harris na Kanada, daga nan aka sami Massey Ferguson, jajayen nan da kowane manomi ya sani. Mai lamba 35 da mai lamba 135, wadda ta fito a 1964, duk zuriyar 'yar tokan nan ce. An daina ƙera tarakta a Coventry a 2002, amma ana yin 'yan'uwansu a Pakistan da Indiya, saboda haka kayan gyaransu ba su yanke ba.

To, ga abu na fari da ɗan kasuwa mai niyyar sayen tsofaffin taraktoci don haya zai koya. Wanda ya san kan abin ba ya tsince-tsince, wannan ta Italiya, waccan ta Jamus. Iri ɗaya yake bi. In kana da uku iri guda, makaniki ɗaya ya ishe ka, sifana ɗaya, kuma ran da famfon ɗaya ya lalace tsakiyar huɗa sai ka ciro na wata ka ɗaura kafin sabo ya zo. Amma fa a yi hattara. Ciro-ciron nan in ba a mayar ba, shi ke cinye tarakta da ranta. Yau an ɗauki batir, gobe fitila, jibi taya, kafin damina ta zagayo sai ƙarfe kaɗai ya rage. Kowace tarakta tana da lamba a jikin wani ɗan faranti. A rubuta ta a littafi, da ita za a nemi kayan gyara, a riƙa kuma rubuta ranar da aka yi mata kowane aiki da awa nawa ta yi.

Wajen saye, ka je da sassafe injin yana da sanyi, don mai wayo yakan ɗumama shi kafin ka iso. Zaro sandar awon baƙin mai ka duba. In ya yi fari-fari kamar an dama da nono, ruwa ya shiga, gyaran kuwa ba na kuɗi kaɗan ba ne. Hayaƙi shuɗi alamar injin yana shan mai ne. Sa'an nan ka sa a ɗaga garma sama a kashe injin. In ta sauko nan da nan, abin ɗagawar yana yoyo ta ciki.

Yanzu sai babbar magana. A ganina zama ya fi aiki kashe tarakta. Mai tara taraktoci a Ingila ya san haka, domin tasa takan yi watanni ba ta taka gona ba, tamu ma haka take tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Injin da ke zaune, man da ke jikin ƙarfensa yakan tsiyaye, tsatsa ta kama, batir ya mutu, robobi su bushe su tsage. Har kuloci yakan manne, ka taka ya ƙi saki, shi ya sa waɗansu kan tokare shi ƙasa da guntun katako in za a daɗe ba a hau ba. Maganin duka shi ne a tada kowace ɗaya ko da sau ɗaya a wata. Ba a tada ta minti biyu a kashe ba, wannan ya fi bari muni, don gumi ne kawai zai taru a ciki. A bari ta yi zafi sosai, a zagaya da ita, a taka birki, a ɗaga hannuwan garma a sauke. A cire wayar batir in an gama. A ajiye ta a inuwa, in da hali a ɗora ta bisa katako tayoyi su huta, a kifa gwangwani a bakin salansa kada ruwan sama ya gangara cikin injin. A kuma riƙa leƙawa saboda ɓeraye masu cin waya da zanzaro mai gini a kowace kafa.

Su can abin tsoronsu sanyi ne, don ruwan lagireto in ya daskare yakan fasa injin. Mu namu ƙura ce da zafi. Tsofaffin taraktocin nan suna da wani kasko mai baƙin mai a ƙasan mashaƙar iska, shi ke kama ƙura. Lokacin hunturu, ko in ana aiki a busasshiyar ƙasa, a duba shi kowace safiya, in ya yi laka a wanke a zuba sabo. Ƙurar da ta wuce shi kuwa tamkar an zuba yashi ne cikin injin. Lagireto a ba shi ruwan sama ko wani ruwa mai tsabta, ban da na rijiya mai kanwa, a kuma kakkaɓe ƙaiƙayin da ke toshe fuskarsa. Baƙin mai a canja shi bisa awoyin da littafin taraktar ya faɗa, in ma ba ta yi aiki ba a canja shekara-shekara. Giris kuwa ba a yi masa rowa.

Man gas ma sai an kula. A bar shi ya kwanta a duro kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗiba, kada kuma a kwaso na gindi. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don tankin da ke rabi yakan yi raɓa ta ciki da dare. Ɗigon ruwan nan shi ke cin famfo da nozul, su ne kuwa mafi tsada.

Waɗansu masu tara taraktoci sukan haɗa da injin yankan ciyawa, wanda wani Bature, Edwin Budding, ya ƙago a 1830 bayan ya ga injin da ke aske gashin zane a masaƙa. Har gidan ajiyarsu na tarihi akwai a garin Southport. Akawun da aka damƙa wa na makaranta ko na filin ƙwallo ya sani, fetur ne ke lalata shi. In ya daɗe a tanki sai ya yi danƙo ya toshe kafireto, saboda haka in ciyawa ta ƙare a bar injin ya shanye mansa kafin a ajiye. Kada kuma a taɓa wuƙarsa sai an zare wayar filogi.

Saura abu ɗaya wanda ya shafi rai. Tsofaffin taraktocin nan ba su da ƙarfen da ke kare direba in sun kife. In za a ja kututture ko mota da ta kafe, a ɗaura sarƙa a maɗaurin da ke ƙasa, ban da sama da ƙarfen tayoyin baya, don in aka ɗaura sama gabanta yakan tashi ta faɗo kan direba kafin ya kai ƙafa ga kuloci. Sandar nan mai juyawa a bayanta, wadda ke tuƙa injin sussuka ko famfon ban ruwa, kada a kusance ta da babbar riga ko rawani mai jela, kuma kada a ɗauki yara bisa murfin taya.