Ko Ka Sani? Busasshen Itace Ma Yana Motsi

Duk mai ƙofar katako ya san halinta. Da damina ta kankama sai ta kumbura ta cije, sai an sa mata kafaɗa kafin ta rufu. Da iskar hunturu ta kaɗa kuma sai ta tsuke, har ka riƙa hango tsakar gida ta tsagar da ta bari. A wurin kafinta wannan aibi ne, ba abin da zai yi illa ya kankare gefen ƙofar. To, ko ka san cewa wannan aibin ne wasu masana suka kama, suka mayar da shi injin da ba ya shan mai, ba ya neman lantarki?

Tsirrai sun daɗe suna cin moriyar wannan hali. Cikin tsarabar da ake gani a kasuwannin Makka da Madina akwai wani busasshen tsiron hamada da Larabawa ke kira kaffu Maryam. A dunƙule yake, kamar hannun da aka damƙe, ba ganye ba alamar rai. Amma ka sa shi cikin kwanon ruwa ka ba shi ɗan lokaci: rassan za su fara saki ɗaya bayan ɗaya, har ya baje kamar tafin mai addu'a. Ka tsame shi ka shanya, sai ya koma ya dunƙule. Tsiron ya riga ya mutu, abin da yake yi kawai shi ne riƙon irinsa gam har ranar da ruwan sama zai sauka, sannan ya buɗe ya sake shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Riɗi kuwa akasin haka yake yi, bushewa ke buɗe bakin kwansonsa. Shi ya sa manomi ke jingine dammunan a tsaye, don kada ƙwayar ta zube.

Yaya abin da ba shi da tsoka ko jijiya yake motsi? Sirrin yana cikin saƙar jikinsa. Itace cike yake da wasu siraran zaruruwa da ake kira selulos, masu ƙarfi, waɗanda ba sa miƙewa. A tsakaninsu akwai wani abu mai shan ruwa, yana kumbura idan ya samu laima, yana motsewa idan ya bushe. Saboda zaruruwan ba sa ƙara tsawo, kumburin ta faɗi kawai yake fita. Abin da ya sa ke nan ƙofarka ke cijewa ta gefe, tsayin allunanta kuwa kusan yana nan yadda yake.

Yanzu ka haɗa falle biyu, zaren ɗaya a tsaye, na ɗayan a kwance. Laima na shiga, ɗaya zai nemi miƙewa, ɗan'uwansa ya ƙi. Tun da a manne suke, ba makawa sai su lanƙwashe. Kana iya gwadawa a gida: yanki siririyar takarda, ka liƙa mata salatif a fuska ɗaya, ka riƙe ta a saman tukunyar da ke tururi. Nan take za ka ga tana naɗewa ta wajen salatif ɗin.

A 1997 masana daga Jami'ar Reading da ke Ingila suka bayyana cewa da wannan dabarar ce kwanson itacen fayin, mai ganye kamar allura, yake buɗe ɓawonsa a lokacin rani ya rufe idan an yi ruwa. Shekara ashirin bayan haka, masu bincike a Freiburg ta Jamus suka jiƙa wasu kwansunan da aka tono daga ƙasa, waɗanda suka kai shekara miliyan 15, sai ga su suna motsawa. A 2007 kuma aka gano cewa gashin nan biyu da ke kan ƙwayar alkamar daji suna buɗewa da rana, su haɗe da raɓar dare, kuma wannan kai da komo ne ke tura ƙwayar cikin ƙasa a hankali. Iri ne yake shuka kansa.

Wanda ya fi ɗaukar wannan darasi zuwa fagen gini shi ne Farfesa Achim Menges na Jami'ar Stuttgart. A 2013 shi da abokan aikinsa suka kafa wata rumfa mai suna HygroSkin a birnin Orléans na Faransa. Tagoginta na siraran fallayen katako ne, kamar furanni, suna buɗewa suna rufewa da kansu gwargwadon laimar da ke cikin iska. A 2019 suka gina hasumiya mai tsayin mita 14 a garin Urbach. Ɓangarorinta 12 duk a lanƙwashe suke, amma ba da ƙarfin inji aka tanƙwara su ba. An manna allunan ne a miƙe tun suna da danshi, aka bar su su bushe, suka lanƙwashe daidai yadda aka lissafa a kwamfuta.

Sai kuma abin da suka kira Solar Gate, wanda aka ɗora a tagar saman wani gini na Jami'ar Freiburg. Ƙananan marufai ne guda 424, da injin ɗab'i ya fitar daga zaren selulos, layi bisa layi, yana kwaikwayon saƙar kwanson fayin. Lokacin sanyi, da iska ke da laima a can, sukan naɗe su bar rana ta shigo ta ɗumama ɗaki. Lokacin zafi kuwa sai su miƙe su yi inuwa. Ba waya, ba batir, ba mai danna maɓalli.

Manomi ma yana da rabo. A 2023 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ƙarƙashin Lining Yao, suka ƙera wani ɗan abin ɗaukar iri daga fallen katako, suna koyi da wani tsiro mai suna Erodium. Abin da suka ƙera ɗin yana da jela mai murɗiya. Idan aka watsa shi daga sama ya faɗi ƙasa, ruwa na taɓa shi sai jelar ta warware, tana juya kan irin kamar mahuji har ya nutse. Burinsu shi ne a riƙa shuka itatuwa da shi a wuraren da ƙafa ba ta kaiwa.

Gaskiya dai da sauran aiki. Motsin yana da nawa, ba ya jin umarni sai na yanayi, ga kuma gara da fumfuna da ba sa raga wa katako. Duk da haka abin ya isa a tsaya a kansa, musamman a ƙasa irin tamu, inda tazarar da ke tsakanin bushewar Janairu da laimar Agusta take da faɗi ƙwarai, wutar lantarki kuwa ba ta wadata ba. Ka ƙaddara tagar da za ta rufe kanta idan ƙurar hunturu ta taso, ta yi inuwa a zafin bazara, sannan ta buɗe wa iskar damina. Ƙarfin da zai yi wannan aikin ba sai an sayo shi daga ko'ina ba. Shi ne dai wanda kake turawa da kafaɗa duk daren da ƙofarka ta ƙi rufuwa.