Karen Bana da Haƙƙinsa a Kan Mai Shi

Duk wanda ya bi hanyar da ta ratsa Kance da Matameye ta gangara Ɗan Barto har Daura zai gan shi ko bai neme shi ba. Yana kwance kusa da teburin mahauta, ko a gindin rumbu, ko yana biye da amalanken rake da ta fito daga fadamun Dungu. Ja ne ko ruwan ƙasa, gashinsa gajere, ƙafafunsa dogaye, cikinsa a ɗame, wutsiyarsa a lanƙwashe bisa gadon baya. Ba shi da takardar asali, kuma sau da yawa ba shi da kwanon da za a ce nasa ne. Amma shi ke kwana ido biyu a bakin garke, shi ke sanar da mai lambu cewa awaki sun keta shinge, shi ke shiga gaba in mafarauta sun fita da rani. Ra'ayina a kansa ɗaya ne: wannan kare ma'aikaci ne, kuma duk wanda ya ajiye shi ya ɗauki bashin abu uku, ci da horo da rigakafi. Yawancin laifin da muke ɗora wa kare, in aka bi sawunsa, a ƙofar mai karen yake tsayawa.

Bakin Bahaushe ya kasu biyu a kan wannan dabba. In ana son a nuna munin zagi sai a ce an yi wa wane wanda kare ba zai ci ba. In mutum ya yi abin da ya ga dama ba mai tsawatawa, sai a ce yana cin karensa babu babbaka. In aka ba maras amana ajiya, ga abin mamaki, kare da tallan tsire. Sai dai bakin da ya faɗi waɗannan shi ne kuma ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma wannan shaida ce ta wanda ya ga aiki da idonsa, ya san zomo ba ya kamuwa da sanda kaɗai. Haka nan da aka ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, an lura da wani abu na gaskiya: kare da hanci yake sanin duniya, kuma ba ya ɓoye niyyarsa ga mai kallo. Kunnensa ma yana jin siririyar ƙarar da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Daga nan, a ganina, camfin nan ya samo tushe, cewa kare na ganin aljanu da dare, har wai wanda ya shafa kwantsarsa a ido shi ma zai gan su. Abin da ya sa shi haushi a cikin duhu yana nan, dila ne ko sawun baƙo, mu ne dai ba mu ji ba. Karin maganar da ta fi shiga zancena kuwa ita ce ta wanda aka ɗauko don haushi ya ɓuge da tunkuyi. Ana faɗinta don kushe wanda ya bar aikinsa, amma ba a cika tambayar ko an taɓa koya masa aikin ba.

Akwai wani ɗan kare a ƙasar Turai da labarinsa ke amsa wannan tambaya. Sunansa shelti, asalinsa tsibiran Shetlan da ke arewa da Skotlan, ƙasar iska da sanyi da ƙarancin ciyawa, inda dawaki da tumaki ma ƙanana ne. Talakawan manoman wurin suna bukatar karen da ba ya cin da yawa, mai korar tumaki daga ƴan gonakinsu, mai haushi in ya ga baƙo. Karen ƙauye ne kamar namu. Abin da ya bambanta shi ne masu shi sun riƙa lura da wanda ya fi jin kira da wanda ya fi natsuwa a cikin dabbobi, su bar shi ya hayayyafa, su zauna da ƴaƴansa tun suna ƙanana. Daga baya masu kiwo suka gauraya shi da wasu karnukan kiwon tumaki, ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta yi masa rajista a 1909, sunan da ake kiransa da shi yanzu ya tabbata a 1914. Yau tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 33 zuwa 41 ba, yana rayuwa shekara 12 zuwa 14, kuma a wani jeri da masanin halayya Stanley Coren ya fitar a 1994 kan saurin ɗaukar horo, shi ne na shida a cikin nau'o'in karnuka fiye da ɗari. Masu kiwonsa sun yi ittifaƙi kan abu guda: tsawa da duka suna lalata shi, ya koma matsoraci mai haushin banza. Ke nan basirar da ake yaba masa gadon zaɓe ce da haƙurin mutane na shekaru masu yawa.

Wani zai ce to a shigo da irinsa mana, tunda ga masu hali a Yamai da Kano suna sayen karnukan Turai. Wannan shawara ba ta yi wa karen adalci ba. Gashin shelti hawa biyu ne, na ciki mai laushi da kauri, na waje dogo, an yi shi don tsibirin da zafinsa da wuya ya kai digiri 20 ko a tsakiyar bazararsu. A Matameye kuwa watan Afrilu da Mayu ana wuce 40. Kare ba ya gumi a fata kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki da zaro harshe yake fitar da zafi, don haka mai kaurin gashi a irin wannan rana yana iya faɗuwa ya mutu. Gashin kuma maɓoyar kaska ce da ƙuma, ga ƙarangiya da za ta cukurkuɗe shi tun daga kaka. Akwai ma wani haɗari da ba kowa ya sani ba: wasu daga cikin shelti da danginsa suna da wani rauni na gado da ke sa allurar Ivomec, wadda makiyayanmu suka saba yi wa tumaki da shanu, ta taɓa musu ƙwaƙwalwa in an yi yawan da ake yi wa dabbobi. Darasin Shetlan shi ne mutane sun kula da karen da ƙasarsu ta ba su. Kuma misalin yana kusa da mu. Siririn karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda makiyaya suka raina a bakin tantinsu yana gadi yana kama zomo da barewa, an kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi a matsayin cikakken nau'i. Wannan karen Sahel ne, rana ɗaya ke dukansu da namu.

Kulawar daga kwikwiyo take farawa, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. Ƴaƴan suna zuwa ido a rufe, kunne a toshe, sai bayan kwana goma zuwa mako biyu suke buɗe ido. Abin da aka saba gani shi ne yara su ɗauke kwikwiyo da zarar ya fara tafiya, su ɗaura masa igiya a wuya suna ja a cikin unguwa. Wanda aka raba da uwarsa kafin mako bakwai ko takwas ya rasa nono, ya kuma rasa makaranta, domin a cikin wasa da ƴan'uwansa yake koyon iyakar cizo: in ya ciji da ƙarfi a yi ƙara a guje shi, uwar ta tsawata masa. Daga mako uku zuwa kamar sha biyu kuwa akwai wani taƙi da ba ya dawowa, wanda duk abin da kwikwiyo ya saba da shi a ciki zai ɗauke shi nasa har tsufa. Makiyaya sun san wannan ba tare da littafi ba, shi ya sa suke barin kwikwiyo ya tashi a cikin ƴan raguna har ya riƙa ganin garken danginsa ne. Wanda ya ga kaji da jakai da yara da baƙi a wannan taƙi ba tare da an firgita shi ba, da wuya ya zama mai kisan kaji ko mai cizon almajiri. Wanda jifa ce gaisuwarsa ta farko da ɗan Adam zai girma yana ganin kowane hannu da aka ɗaga abokin gaba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Horon kansa ba shi da tsada: suna ɗaya da ba a canzawa, kalma ɗaya ga kowane umarni, ɗan lokaci kaɗan safe da yamma, da lomar tuwo a daidai lokacin da ya yi abin da ake so. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi a wannan ƙiftawar ido. Mai dukansa da yamma kan ƙwan da ya sha da safe bai koya masa komai ba sai tsoron dawowar maigida. Mafarauta ma da suka fi kowa sanin kare, masu rataya masa laya da yi masa kirari, ba da bulala suke koya wa ƙarami bin sawu ba, haɗa shi suke yi da tsohon da ya goge.

Akwai masu cewa kare in ya ƙoshi ba ya gadi, yunwa ke sa shi zafi. Abin da ido ke gani ya saɓa wa haka. Kare mai yunwa barin gidan yake yi ya tafi juji da mahauta da bayan gari, kuma a daidai wannan lokacin ƙofar da aka ajiye shi dominta take a buɗe. A can yake kwaso tsutsar ciki da ƙazuwa, a can yake faɗa da karnukan da ba a san lafiyarsu ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. A ƙasa mai yawan jama'a da ƙarancin gona irin ta Kance, inda rumbu kan ƙare kafin sabon gero ya nuna, gaya wa magidanci ya ciyar da kare na iya zama kamar rashin ta ido. Ban raina wannan magana ba, kuma yaro yana gaba da kare a kowane hali. Amma abin da karen ƙasar nan ke bukata bai fi ƙarfin gidan da ke da abin gadi ba: ƙanzo da sauran tuwo, dusa da aka dama, ɗan tsala ko romo in ya samu, kasko na ruwa mai tsabta a inuwa. A kiyaye shi daga albasa mai yawa da goro da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Akuya ɗaya da ya hana ɓarawo ko dila ɗauka ta biya wannan na shekara. Gidan da ko wannan ba zai iya ba, mafi alheri kada ya ɗauko kwikwiyon tun farko.

Sai batun addini, wanda mutane da yawa ke fakewa da shi. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi kan ajiye kare ba dalili, har ya ce ladan mai yin haka yana raguwa kullum, kuma ba wanda ke cewa a shigar da shi ɗaki ko a ci da shi a akushi ɗaya. Amma hadisin da kansa ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, wato daidai ayyukan da karen Matameye ke yi. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma sharaɗin horo da ke cikin ayar ya nuna koyar da kare ilimi ne da shari'a ta san da shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallage a ciki bin umarni ne na ibada. Malaman da suka yi sharhin Risala sun kawo cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Almajiran zaure kuma sun san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Nisantar kare a wurin salla abu ne daban, barin yara su yi masa ruwan duwatsu kuma ba shi da madogara a ko'ina.

Bashi na uku shi ne wanda rashin biyansa ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamomin sun bayyana, tsoron ruwa da dalalar miyau da ruɗewa, magani ya ƙare. Tun 1885 Louis Pasteur ya nuna cewa allura bayan cizo tana ceton rai, amma tsadarta da nisan inda ake samunta suna hana talaka. Kashe karnuka da guba in an samu labarin cizo ba ya kawar da cutar, don wasu ne za su cike gurbin cikin ƴan watanni, ga gubar tana kashe angulu da sauran masu cin mushe. Hanyar da aka gwada ta yi aiki ita ce rigakafin karnukan kansu: in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. A Njamena, nan maƙwabta, an yi haka a 2012 da 2013 kyauta unguwa-unguwa, yaɗuwar cutar a cikin karnukan birnin ta katse na wani lokaci, har sai da karnukan da ba a yi wa ba suka sake shigo da ita daga waje. Wannan ya nuna aikin na kowace shekara ne, kuma a gari na bakin iyaka irin Matameye, inda mutane da dabbobi ke kai da komo tsakanin Nijar da Najeriya, ya kamata hukumar gari da masu sarauta da sarakunan mafarauta su sa karnuka cikin lissafi duk lokacin da aka fito rigakafin dabbobi.

Mai kare kuwa kada ya jira su. Kwikwiyo in ya cika wata uku a kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allura, a riƙa maimaitawa yadda ya faɗa. In cizo ya auku, ko da ƙarzana ce, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, kada a tsaya shafa toka ko gashin karen, a kai wanda aka ciza asibiti a ranar, karen kuma a ɗaure shi ana lura da shi har kwana goma.